Mata Da Keke: Yadda Wata Ƙungiya A Landan Ta Karya Lagon Tsegumi

A harshen Hausa kalmar keke uwa ce mai 'ya'ya da yawa. Muna da keken ɗinki da keken saƙa, muna da keken guragu, mun taɓa samun keken rubutu kafin kwamfuta ta yi masa ritaya, ga kuma Keke Napep da ya cika mana tituna. Masana harshe da dama sun tafi a kan cewa daga Yarabanci muka aro kalmar, ta kuma zo ta danne kishiyoyinta irin su basukur da laulawa, waɗanda yanzu galibi sai a bakin dattawa ake jin su. To amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na ɗalibin harshe shi ne yadda ma'anar kalmar kan sauya gwargwadon wanda aka jingina ta gare shi. Idan aka ce an saya wa yaro keke saboda ya sauke Alƙur'ani, kowa ya san na hawa ake nufi. Idan kuwa aka ce an saya wa amarya keke, babu mai tambayar wane iri, domin an san na ɗinki ne, za a kai shi ƙuryar ɗaki a lulluɓe da ƙyalle. Babu littafin nahawun da ya shimfiɗa wannan ƙa'ida, amma duk Bahaushe ya san ta.

Ni dai ina iya tuna ranar da na fara gane ta. Muna yara mahaifinmu yana da wani tsohon Raleigh mai sanda a tsakiya, wanda muke satar hawa idan ya kwanta ƙailula. Ƙanwata, wadda na girme ta da shekara biyu, ta riga ni iyawa. Ƙafarta ba ta kai wa feda daga kan sirdi, don haka sai ta zura ta ta ƙarƙashin sanda, ta karkace, ta zagaye unguwa kamar guguwa. Wata rana, tana da shekara 12 ko kusa da haka, goggonmu ta ci karo da ita a bakin lungu, ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce: "Ke, sauka! Ba ki san kin girma ba?" Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba a yi duka ba, ba a kira malami ya ba da fatawa ba, mahaifinmu ma bai san an yi ba. Amma daga ranar ba ta sake ɗora ƙafa a kan feda ba, ni kuwa na gaji keken har ya kai ni ƙarshen sakandare.

Wannan tsohon labari ne ya faɗo mini a rai sa'ad da na fara bibiyar ayyukan wata ƙungiya ta mata Musulmi masu hawan keke a birnin Landan, mai suna Cycle Sisters, wato 'yan'uwa mata na keke. Wata baiwar Allah mai suna Sarah Javaid ce ta assasa ta a shekarar 2016, a ƙaramar hukumar Waltham Forest da ke arewa maso gabashin birnin, inda kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar Musulmi ne. Ta koma hawan keke ne bayan ta girma, sai ta waiwaya hagu da dama ta ga da wuya ta hangi mai lulluɓi irinta a kan titi. Ƙungiyoyin keken da ake da su a lokacin galibi na maza ne masu matsattsun kaya da kekuna masu tsada, waɗanda gudu da nisan zango ne abin alfaharinsu. Ta fara da ƙawaye da 'yan'uwa 'yan ƙalilan, suna fita tare sau ɗaya a mako. Sannu a hankali magana ta bazu daga baki zuwa baki, har ƙungiyar ta yi rajista a matsayin ƙungiyar agaji, ta kuma yi rassa a wasu ƙananan hukumomin Landan irin su Redbridge da Newham da Hounslow. Ɗaruruwan mata sun bi ta hannunta, ita kuwa Sarah an ba ta lambar girmamawa ta MBE saboda wannan aiki.

Ginshiƙin rayuwar ƙungiyar shi ne fitar mako-mako. Ana haɗuwa a wani sanannen wuri, wadda ba ta da keke a ara mata, domin rashin keke kada ya zama uzurin zaman gida. Kafin a tashi sai an duba iskar taya da birki da kaca, kamar yadda duk mai koyar da keke a Ingila yake horar da ɗalibansa. Daga nan sai jagora ta shige gaba, wata jagorar ta tsaya a can baya, sauran su jeru a tsakiya. Waɗannan jagorori 'yan sa-kai ne da aka ba su horo a kan yadda ake tafiyar da ayari a titi, da yadda ake tsallake mararraba da mutum goma sha ba tare da an bar wata a tsallake ba. Ba tsere ake yi ba, saboda haka saurin ayari shi ne saurin wadda ta fi kowa rauni a cikinsa. Akan zaɓi hanyoyin da motoci suka yi ƙaranci, da wuraren shaƙatawa da gefen kogi, yankin kuwa Allah ya hore masa irinsu, ga dajin Epping a gefe guda, ga kwarin kogin Lea a ɗaya gefen. A tsakiyar tafiya akan yada zango a wani shagon shayi a huta a taɓa hira. Wajen tsara lokaci kuma ana la'akari da lokutan salla da lokacin kai yara makaranta da ɗauko su, abin da ƙungiyoyin maza ba su taɓa sa shi a lissafi ba, domin ba su suke kai yaran ba.

Batun sutura, wanda shi ne abin da ke fara zuwa zuciyar kowa, a wurinsu batu ne na dabara. Babu wata rigar ƙungiya da aka wajabta. Mai abaya ta zo da abayarta, mai jilbabi ta zo da jilbabinta, a nuna mata yadda za ta tattare bakin rigar don kada kaca ko waya ta cafke shi, da amfanin sa wando a ciki, da yadda hular kwano ke zama a kan ɗankwali da hijabi. Akwai kuma keken da ba shi da sanda a tsakiya, mai murfi a kan kaca, irin wanda matan Holan suka daɗe suna hawa da dogayen riguna da kayan cefane a kwando. Matsalar da wasu ke ɗauka dutse ce da ba ta kauwa, sai ga shi tela da mai gyaran keke sun isa su warware ta.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne matakalar da suka kafa. Mace takan zo ba ta taɓa hawa ba, wata ma ta haura shekara 50 da haihuwa, a fara da ita a fili tana tura keke da ƙafa har ta iya daidaita jikinta. Bayan 'yan makonni ta shiga ayari. Bayan wani lokaci, idan ta nuna sha'awa, a horar da ita ta zama jagora, wasu ma har sun samu takardar shaidar koyar da keke, suna cin abinci da ita. Wasu kuma da suka fara da zagaye fili sun kai ga shiga hawan dogon zango na RideLondon tare da dubban mahaya. Ma'anar wannan ita ce ƙungiyar tana haifar shugabanninta daga cikinta. Mu da muka saba ganin ƙungiyoyin da ke mutuwa ranar da aka yi wa mijin shugabarsu canjin wurin aiki, ko ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare, mun san darajar wannan.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin cika shafi a kan mata sun hau keke sun sha shayi sun koma gida? Amsata ita ce waɗannan mata sun gano inda gizo ke saƙa. A Landan babu dokar da ta taɓa hana Musulma hawan keke, kuma da yawansu ba su rasa kuɗin sayen sa ba. Abin da ya tsare su shi ne abin da ya sauke ƙanwata: ido da baki. Mace ɗaya a kan keke abin kallo ce, kafin ta kai ƙarshen layi labari ya riga ta isa gidan surukai. Mata 20 a jere, da jagora gaba da baya, cikin suturarsu ta kamala, ba su ba mai tsegumi wurin kamawa ba, domin bai san da wadda zai fara ba, kuma wataƙila ta uku a layin matar wansa ce. Idan ya gan su wannan makon ya riƙe baki, mako mai zuwa ya ɗaga kai kawai, bayan wata shida ko ɗaga kan ba zai yi ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mu a fagen nazarin harshe mun san irin wannan: kalmar da mutum ɗaya ya furta kuskure ce a yi masa dariya, amma idan unguwa guda ta ɗauka ta zama karin harshe, har wata rana ta shiga ƙamus.

Kada kuma a ɗauka wannan tsegumi gadon Musulmi ne ko na baƙar fata. Turawan Ingila da kansu sun sha fama da shi. Keke mai tayoyi biyu daidai wa daida, irin wanda muka sani a yau, ya fito ne a 1885 daga masana'antar John Kemp Starley a Coventry, tayar iska ta Dunlop kuma ta biyo baya a 1888. Da mata suka rungume shi a shekarun 1890, sai likitoci da masu wa'azi suka yi ca, wasu na cewa zai lalata lafiyar mace, wasu na cewa zai zubar mata da mutunci. A 1897, lokacin da Jami'ar Cambridge ke ƙuri'a a kan ko za a riƙa ba mata digiri, ɗalibai maza masu adawa sun rataye mutum-mutumin mace a kan keke daga tagar wani bene, domin a ganinsu babu siffar da ta fi wannan nuna macen da ta wuce gona da iri. Sun kuma yi nasara a ƙuri'ar, domin sai a 1948 jami'ar ta fara ba mata cikakken digiri. A matsayina na malamin jami'a, duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kunya ta kama ni a madadin abokan sana'a.

Wata shaidar da ta fi kusa da halin da muke ciki ta fito ne daga Indiya. A 1991, a gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu, wadda ke cikin yankunan da talauci ya yi wa katutu, shugabar gundumar, Sheela Rani Chunkath, ta cusa koyon keke a cikin shirin yaƙi da jahilci na manya. Tunaninta shi ne matar da ta koyi karatu amma ba ta iya zuwa ko'ina sai an kai ta, karatun nata bai gama 'yantar da ita ba. Ɗan jarida P. Sainath ya ruwaito cewa cikin kimanin wata 18 mata fiye da 100,000 suka koyi hawa, cikinsu har da masu fasa dutse da masu tallar kayan gona da 'yan mata Musulmi. Kekunan mata suka yi ƙaranci a kasuwa, sai suka koma sayen na maza masu sanda, wasu ma suka fi son su domin ana iya ɗora yaro a kan sandar. Sun sha baƙaƙen maganganu daga maza, amma a ranar mata ta duniya ta 1992 mata sama da 1,500 suka ratsa garin a kan kekuna suna kaɗa ƙararrawa. Ribar da suka samu ta zahiri ce: mai tallar da a da take ɓata rabin yini tana jiran mota, yanzu tana zagaya ƙauyuka da yawa ta dawo da wuri ta ɗora tukunya.

A jihar Bihar kuma, daga 2006 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bi diddigin shirin, suka gano cewa ya ƙara yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a shekarun da suka dace da kashi 32 cikin 100, ya kuma rage tazarar da ke tsakaninsu da maza da kashi 40 cikin 100. Daga cikin dalilan da suka kawo har da cewa an ba 'yan matan ƙauye kekunan a lokaci guda, don haka tare suke fita, kuma uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi ita kaɗai ba yakan saki jiki idan ya ga ayari.

Na san akwai mai jiran in zo kan maganar addini, kuma ba zan kauce mata ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa kuma tana da ma'abotanta. Gaskiya ne an samu saɓani a kan lamarin a duniyar Musulmi. A Iran jagoran addinin ƙasar ya ba da fatawa a 2016 da ke hana mata hawan keke a bainar jama'a. A Saudiyya an sassauta a 2013, aka yarda su hau a wuraren shaƙatawa cikin abaya tare da muharrami. Sai dai idan aka duba damuwar masu hanawa za a ga tana zagaye ne a kan sutura da cuɗanya da maza da kuma tsaron lafiyar mace, waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da matan Waltham Forest suka gina tsarinsu a kansu. Shi hawa a kan kansa ba baƙon abu ba ne ga Musulma, domin matan sahabbai sun hau raƙuma, iyayenmu na karkara kuma har gobe suna hawan jaki zuwa kasuwa da rijiya. Mu tuna kuma abin da ya faru a Kano a 2005, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda sunan shirin A Daidaita Sahu ya manne musu har yau. Hujjar hanin ita ce bai dace mace ta zauna manne da bayan namijin da ba muharraminta ba. To, a kan keke mace ita kaɗai take zaune, ba ta jingina da kowa ba, ba ta matsu da kowa a kujera ba, ba ta kuma yi cinikin kuɗin mota da kowa ba. Duk wanda ya yarda da waccan hujja, ina ganin ya kamata ya zama na farko wajen sake duban wannan batu.

Amma fa yawa kaɗai ba ya isa idan hukuma ta juya baya, kuma labarin Afganistan ya ishe mu misali. A shekarun 2010 an samu 'yan mata masu tseren keke a Kabul da Bamiyan, waɗanda suka yi atisaye a kan titunan da ake jifarsu da duwatsu da zagi. Sunansu ya zagaya duniya, har wasu 'yan majalisar Italiya suka gabatar da su don kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2016, shekarar da zarge-zargen almundahana a hukumar keken ƙasar suka sa wasu masu tallafi janye hannu. Da Taliban suka karɓi mulki a watan Agustan 2021 aka haramta wa mata wasanni, sai mahayan suka watse zuwa ƙasashen waje. Gasar mata ta ƙasar Afganistan ta 2022 a garin Aigle na ƙasar Suwizalan aka yi ta, inda Fariba Hashimi ta zo ta ɗaya. Ita da yayarta Yulduz sun fafata a gasar Olamfik ta Faris a 2024, amma gwamnatin da ke mulkin ƙasarsu ta ce ba ta san da zamansu ba. Waɗannan sun tsira da ransu da sana'arsu. Yarinyar da aka bari a Kabul, wadda burinta bai wuce ta hau keke zuwa makaranta ba, ta rasa keken ta rasa makarantar, tunda an rufe wa 'yan mata sakandare.

Akwai kuma batun hanya, wanda masu yabon Cycle Sisters kan manta da shi. Ba banza ba ƙungiyar ta tsiro a Waltham Forest. A 2014 wannan ƙaramar hukuma tana cikin guda uku da hukumomin Landan suka zaɓa suka ba miliyoyin fam domin su sake fasalin titunansu su yi kama da na Holan. Aka keɓe wa kekuna hanyoyinsu da shinge, aka toshe wasu layukan unguwa ga motoci masu yanke hanya, duk da zanga-zangar da wasu direbobi da 'yan kasuwa suka yi. Bayan shekara biyu sai ga ƙungiyar mata. A Ingila gaba ɗaya tafiye-tafiyen da maza ke yi a kan keke sun ninka na mata fiye da sau biyu, alhali a Holan, inda aka raba keke da mota tun shekarun 1970, mata ba su bar wa maza komai ba, har sukan ɗan fi su. Ke nan inda hanya ke da haɗari, mace ce ke fara janyewa, musamman mai goyo ko mai ɗauke da yaro a kariya, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinta.

A nan ne gwiwata kan yi sanyi idan na dubi gida. Masu dogon tunani za su tuna Cif Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya dage a kan 'yan Nijeriya su koma hawan keke, ya kuma fara da kansa, har wata motar bas ta ture shi cikin kwalbati a Abuja a 2001 yana kan hanyar zuwa aiki. An yi ta yi masa dariya a jaridu, aka bar ainihin darasin, wato idan minista da 'yan rakiyarsa bai tsira ba, ina ga ɗalibar aji uku? Titunan manyan garuruwanmu an gina su ne domin mai mota, gadar sama a kan gadar sama, mai keke da mai ƙafa kuwa sai dai su yi ta addu'a. Ga rana, ga yashi, ga 'yan ƙwacen waya. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce a kwaso tsarin Landan a dasa a Kano ko Kaduna yadda yake, bai san garin ba.

Sai dai zafin rana da talauci ba su hana maƙwabtanmu ba. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ya ga mata a kan kekuna da babura da goyo da kayan kasuwa. A Tamale ta arewacin Gana, garin da Musulmi suka fi yawa kuma rana ba ta fi tamu sauƙi ba, mace a kan keke ba labari ba ce. A ƙauyukan ƙasar Ibo tsofaffin mata ne ke kai rogo da manja kasuwa a kan keke. Ga kuma halin da aljihu ya shiga: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa 500 da wani abu cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Magidanta da yawa sun jingine motoci, samari sun kakkaɓe tsofaffin kekuna, masu faci sun samu kasuwa. Malamar firamare da ma'aikaciyar jinya da ɗalibar kwaleji kuwa ba su da wannan mafita. Ko dai su zuba kaso mai tsoka na albashi a hannun mai Napep, ko su taka da ƙafa, ko su zauna a gida, kuma a gidan da kuɗin mota bai isa kowa ba an san wadda ake fara cewa ta haƙura da makaranta yau.

Ba na kiran a fito da mata kan titin Zariya gobe da safe. Matan Waltham Forest ma ba daga babban titi suka fara ba. Muna da wuraren da ke da katanga da ƙofa da tituna marasa cunkoso: harabar jami'o'i da kwalejojin ilimi, makarantun kwana na 'yan mata, rukunin gidajen ma'aikata, manyan asibitoci. A jami'o'inmu ɗaliba kan yi tafiyar kusan rabin sa'a a rana tsaka daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca, ta iso a jigace, alhali ɗan ajinsu ya wuce ta a kan keke yana kaɗa mata ƙararrawa. Ƙungiyoyin mata Musulmi da na malaman makaranta da na ma'aikatan lafiya, waɗanda likitocin cikinsu ke ta yi mana gargaɗi a kan ciwon suga da hawan jini da rashin motsa jiki, suna da mutane da mutuncin da za su iya tara mata 15 a fili ɗaya ranar Asabar da safe, da kekuna biyar na aro da famfo guda. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na abincin taron bita ɗaya a otal ba.

Kwanan baya na kai wa ƙanwata ziyara. Tana da keke yanzu, na ɗinki, kuma da shi take biyan kuɗin Napep ɗin da ke kai 'ya'yanta mata biyu makaranta, tafiyar da ba ta wuce kilomita uku ba. Na ba ta labarin matan Landan, na nuna mata hotunansu a waya, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Da na tambaye ta ko tana jin har yanzu za ta iya, sai ta yi dariya ta ce: "Haba Yaya, ai keke ba a manta shi. Ka samo mini mata goma da filin makaranta mai katanga, ka ga aiki. Amma don Allah kada Goggo ta ji."